Kifin Genésio Mai Ido a Gefe Ɗaya

Seu Genésio Quaresma ba ɗan teku ba ne, kuma daga nan duk abin ya samo asali. Daga can cikin tsaunukan Minas ya zo mana, inda kifi sai na gwangwani ko busasshe mai gishiri. Ya sauka a Porto Saracura da akwati ɗaya da lasisin tuƙi, lokacin da ake gina ƙubba ta biyu ta tashar nukiliya, aka ba shi bas yana jigilar leburori. Ni kuwa a lokacin ina nan inda nake har yau, a rumfata ta bakin gaɓa, ina soya kifi. Sunana Zuleide. Ƙawata Neuza ya aura, ni na riƙe 'yarsu Gislene ranar baftisma, shi ya sa yake ce mini komadre ina ce masa kompadre. Shi ya sa kuma nake da bakin faɗin abin da zan faɗa.

Mutum ne da bai iya ƙarya ba. Wannan ku riƙe shi tun yanzu. Idan ka tambaye shi ko miyar matarsa ta yi daɗi, zai ajiye cokali ya yi tunani kafin ya ba ka amsa. Ɗan ƙungiyar ƙwadago ne na gaske, ya yi yajin aiki, ya sha barkonon tsohuwa, kuma da aikin gini ya ƙare aka sallame su ya fito da haushin tashar har wuya. Haushin yana nan, abin kafa shi ne kawai bai samu ba.

Wata Lahadi da safe ya ari ƙugiya ya tafi can kusa da inda tashar ke sako ruwan ɗumi. Kafin hantsi sai ga shi a rumfata, gumi sharkaf, yana riƙe da wani abu a cikin hularsa.

Ya ce, "Komadre, dubi abin da suka yi mana."

"Su wa?"

"Dubi idanunsa. Duk biyun a gefe ɗaya. Ga baki a karkace. Juya shi ki gani, ɗaya gefen fari fat, ko jini babu."

Na leƙa. Na ce, "Linguado ne, kompadre, kifin nan mai faɗi da ke kwanciya a ƙasan teku. Kawo in soya maka, da lemun tsami ya fi tafiya."

Ya janye hular kamar na ce zan soya masa ɗa.

To ni abin da na sani na faɗa masa, wanda kakata ta faɗa mini. Wata rana Uwa Maryamu tana tafiya a bakin teku ta tambayi wannan kifi, ruwa cikowa yake yi ko janyewa? Shi kuwa marar kunya, maimakon ya amsa, sai ya murguɗa baki ya kwaikwayi muryarta. Tun daga ranar bakin ya tsaya a haka, idanun suka koma gefe ɗaya, shi da zuriyarsa duka. Kowa a gaɓar nan ya san wannan.

Genésio ya dube ni da tausayi. Ya ce, "Ni na kawo miki hujja, ke kin kawo mini tatsuniyar coci. Ai da irin wannan ake cinye ku."

Masunta ma sun gaya masa. Ya ce dama wane mai kifi ne zai yarda kifinsa ya lalace? Suka fusata, suka kawo masa linguado cike da kwando, kowanne da idanu a gefe ɗaya, wai don ya ga haka jinsin yake. Ya tsaya a kan kwandon ya cire hula. Ya ce, "Ashe abin har ya gama su duka." Daga nan suka ƙyale shi, suka laƙaba masa Kifin Rijiya, suka koma ɗinkin ragarsu.

Ya samo babbar kwalbar zaitun, ya cika ta da kashasa, giyar rake, ya jefa kifin ya murɗe murfi. A kan wannan kwalba aka kafa Ƙungiyar Kare Gaɓa, shi ne shugaba, ofis kuwa tsohon garejin surukinsa. Shekara talatin da ɗoriya duk inda za a yi maganar tashar, Genésio yana sahun gaba da kwalbarsa a rungume. Kashasar takan ragu lokaci zuwa lokaci. Shi ya ce iska ce ke shanye ta, ni dai na san ma'ajin ƙungiyar.

Za ku ce yaya aka yi wannan shirme ya daɗe haka? Ai mutanen birni ne. Su ba su san kifi da kai ba. A gidajen abincinsu linguado yankakke ake kawo musu, fari tas, da man shanu, su biya da tsada su lashe faranti. Sai su zo nan da kyamarori da takalman hawan dutse, su ga shi ɗin dai a kwalba yana hararar su da ido biyu a kunci ɗaya, su dafe ƙirji. Wata 'yar jarida har kuka ta yi. Da ta gama ta zo rumfata ta ci guda biyu, don na cire kawunan.

Kada ku ɗauka ɗaya ɓangaren sun fi su. Su ma suna da tasu kwalbar. Akwai Dokta Otávio, mai magana da yawun kamfanin, mutum mai ƙamshin turare, wanda hujjarsa hoton wani kunkurun teku ne yana iyo a ruwan ɗumin tashar, ya yi ɓul-ɓul. Ina jin kunkurun nan ya daɗe da mutuwa don tsufa, amma har yau yana aiki a kamfanin. Da hoton da magana guda Dokta ke yawo: idan aka gama ƙubba ta uku, wutar lantarki za ta yi arha har mutane su manta da kashe fitila. Ƙubba ta ukun nan tun Gislene na rarrafe aka aza harsashinta. Kowace gwamnati ta zo sai ta yanka ƙyalle, a ci abinci, a ɗora bulo kaɗan, kuɗi su ƙare. Injinan da aka sayo mata suna can a nannaɗe cikin leda, ana biyan masu gadinsu da masu goge musu ƙura, wasu har sun yi ritaya a kan aikin. Ungulaye ne kawai suka tare a ginin.

Haka muka zauna, mai kifi yana ɗaga kifi, mai kunkuru yana ɗaga kunkuru, mu kuma takardar kuɗin wuta tana zuwa mana kowane wata ta ƙara ƙiba.

Da Neuza ta rasu, Gislene kuma ta tafi karatu, sai ya zama Genésio ba shi da kowa sai ƙungiyar. Kullum da safe zai buɗe garejin, ya share, ya goge kwalbar da tsumma, ya zauna a kujerar shugaba ko da babu wanda zai zo. A nan ne kawai ake ce masa "ranka ya daɗe" ba da zolaya ba. Ina tausaya masa, ba na ɓoyewa. Wanda zai raba shi da kujerar nan gara ya raba shi da numfashi.

Gislene ta karanci lissafin makamashi, ta samu aiki da wata ƙungiyar masu yaƙi da sauyin yanayi a babban birni. Bara aka sa zaman jin ra'ayin jama'a kan ko a ƙarasa ƙubba ta uku, aka ba ƙungiyar gari damar mutum ɗaya ya yi magana, na 'yan mintoci. Ta dawo gida tare da shugabanta, wani dogo mai ɗaurin gashi, Caíque. Shi ya wuce otal, ita ta zo rumfata ta zauna a kan akwatin ƙanƙara.

Ta ce, "Inna, Baba zai ɗaga kifin nan a gaban kowa."

Na ce, "Yau ya fara?"

"Wannan karon har da talabijin. Kamfanin sun taho da masana kifi. Jira suke ya buɗe baki su mayar da shi abin dariya, su haɗa da mu duka. Alhali muna da magana ta gaske."

"Wace ce ta gasken?"

Ta ce tashar ba ta hayaƙi, wannan gaskiya ne, kuma wanda ya damu da ɗumamar duniya bai kamata ya musa ba. Matsalar tsada ce da ɓata lokaci. Kuɗin da za a ƙarasa wannan ƙubba da su, in aka zuba su a injinan iska da na hasken rana, za a samu wuta fiye da haka kuma tun muna da rai. Sannan a ƙarshe mu ne za mu biya, a takardar wutar gidajenmu.

Na ce, "To ki gaya wa shugaban naki mana, ya hana tsohon."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Caíque? Ya san linguado ne. Tun a mota na gaya masa. Ya ce a bar shi, kifin yana aiki."

Ta gwada uban ta kowace hanya. Ta nuna masa a waya yadda ɗan kifin ke fitowa da ido a kowane gefe, sannan ɗaya ya riƙa tafiya a hankali har ya tarar da ɗan'uwansa. Ya ce waya ai har mutumin da ya mutu tana sa shi ya yi rawa. Ta nuna masa littattafai, ya tambayi wa ya biya kuɗin buga su. Ta ce a can kudu, inda babu tasha ko ta rediyo, haka kifin yake. Ya girgiza kai ya ce teku ai ba ta da katanga.

Ana saura 'yan kwanaki ta ce mu raka ta Santana do Mangue, wai za ta kunna wa uwarta kyandir a tsohuwar cocin masunta. Genésio ya ce shi dai ba ya shiga coci, amma saboda Neuza zai tsaya a bakin ƙofa. Muka hau bas. Cocin nan tun zamanin bayi take, bangonta duk tayil ne masu shuɗin zane, wasu sun fashe, shekarar da aka yi su tana rubuce a ƙasa. Rana ta yi zafi, inuwa kuma a ciki take, don haka ya shigo. Gislene ta wuce gaba. Ta kunna kyandir ɗinta a gefen hagu, ta durƙusa, ta bar shi yana kalle-kalle.

A bangon da ke gabanta an zana Uwa Maryamu a bakin ruwa, ta ɗaga yatsa. A ƙafarta ga kifi shimfiɗe kamar tafin takalmi, baki a murguɗe, idanu biyu a gefe ɗaya.

Ya daɗe a tsaye. Ya sa tabarau, ya sunkuya ya karanta shekarar, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ya taɓa tayil ɗin da yatsa ko sabo ne aka liƙa. Lokacin da aka yi zanen nan ko fitilar kananzir ba ta zo gaɓar nan ba, balle tasha.

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Komadre."

"Na'am."

"Wannan shi ne?"

"Shi ne."

"Ba wai na yarda da maganar la'anar ba ne."

Na ce, "Ba wanda ya ce ka yarda. Shekarar dai ka duba."

Muka kamo hanyar gida a bas. Na sayi pastel mai zafi, soyayyen ƙullin fulawa mai nama a ciki, na miƙa masa, ya riƙe a hannu har ya huce. Sai da muka hango ƙubbobin tashar sannan ya ce, "Shekara talatin ina gaya wa mutane abin da ba haka ba."

Gislene ta ce, "Baba, ba sai ka faɗa wa kowa ba. Ka bar kwalbar a gida kawai, ka ce maƙogwaronka na ciwo, ni in yi magana. Kujerarka tana nan."

Ni ma na goya mata baya. Na ce, "Ka ji maganar yarinya. In ka tona wannan a gaban jama'a, 'yan ƙungiyar nan ba za su yafe maka ba. Sun yi shekaru suna bin kwalba, ka ce musu abincin rana suke bi?"

Ya ce, "A gaban jama'a na faɗa, a gaban jama'a zan gyara."

Ranar zaman an cika ɗakin wasannin makarantar gari maƙil. Kamfani ya kawo ma'aikatansa a bas-bas da huluna iri ɗaya, Caíque ya kawo nasa matasan da ganguna. Dokta Otávio ya fara, aka haska kunkuru a bango, ya ce wuta za ta yi arha. Masu huluna suka tafa. Sai aka kira shugaban Ƙungiyar Kare Gaɓa. Genésio ya fito cikin rigar da ya sa ranar aurensa, kwalba a ƙirji. Ganguna suka ɗauka, kyamarori suka juyo. Na ga masanin kifin kamfani yana gyara zama yana murmushi, abin nema ya samu.

Ya ajiye kwalbar a kan tebur. Ya ce, "Wannan kifi lafiyarsa ƙalau. Linguado ne, haka Allah ya yi shi. Ni ne ban san teku ba. An gaya mini tun ranar farko ban ji ba. Duk wanda ya tsorata saboda ni, ya yafe mini. Har yanzu ba na son a ƙarasa ginin nan, amma dalilin ba a kwalba yake ba. 'Yata za ta faɗa muku."

Gangunan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Sai masu huluna suka kece da dariya, suna tafi suna buga ƙafa. Masanin kifin nan har haushi ya ji, an cinye masa abincinsa.

Cikin wannan hayaniya Gislene ta karɓi makirfo. Yarinyar ta yi magana, ni na ji ta don ina kusa. Ta ce tashar ba ta hayaƙi, sai 'yan kamfani suka yi shewa, nata mutanen suka yi mata ihu. Ta ce amma ita ce hanya mafi tsada kuma mafi jinkiri da za a bi, sai nata suka fara tafi, 'yan kamfani suka yi mata ihu. Kowa ya ɗauki rabin maganar da ya yi masa ya jefar da sauran. Ta fara kawo alƙaluma, daga ina ta samo su da yadda kowa zai iya bincikawa, amma a lokacin masu kyamara sun taru a kan kwalbar. Aka buga ƙararrawa, lokaci ya cika.

Da yamma talabijin ta nuna kifin, ta nuna kunkurun. Ba a ambaci tsada ba ko sau ɗaya.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari cewa kamfani ya saye Genésio. Wasu suka ce gida aka yi masa alkawari, wasu suka ce aiki za a ba 'yarsa. Mutumin da takalminsa ɗaya tun rasuwar matarsa. 'Yan ƙungiya suka yi taro a garejin, suka ɗaga hannu, aka cire shi. Ma'aji ya hau kujera. Da ya je karɓar kwalbarsa suka ce ai kayan ƙungiya ce, suka canza kwaɗo.

Gislene ta tari Caíque a gaban rumfata, yana cin kifina.

Ta ce, "Ka san tsohon nan gaskiya ya faɗa. Ka fito ka ce haka."

Ya ce, "Gislene, duniya tana ƙonewa. Ba mu da lokacin koya wa mutane darasin kifi. Lissafinki daidai ne, na yarda, amma lissafi ba ya hawa rigar gangami."

"Kifin ƙarya ne."

"Alama ce."

Na ce, "To alamar da ke farantinka, in ƙara maka yaji?"

Ya dubi farantin, ya dube ni, ya ture shi gefe. Ya dai biya, ban bar shi ba. Gislene ta ajiye musu aikinsu a watan, yanzu tana koyar da lissafi a wata makaranta a birni. Ƙubba ta uku kuwa, an ce an kafa kwamiti. Ungulayen suna nan.

Genésio ya koma zama a rumfata. Da safe zai zo ya ja kujera ya fuskanci ruwa, in ba shi kofi. Masuntan da suka yi shekaru suna masa dariya yanzu sukan gaishe shi da sunansa, su wuce da sauri, ba su san me za su ce masa ba. 'Yan ƙungiya kuma in sun hango shi sai su tsallaka titi. Ya rame. Ni haushi yake ba ni, tausayi kuma ya hana ni yi masa faɗa.

Watan jiya aka yi babban gangami. Bas-bas suka zo daga birane, jama'ar da Porto Saracura ba ta taɓa gani ba a zamanin shugabancinsa. Suka biyo ta bakin gaɓa da ganguna da tutoci, kowa sanye da farar riga, a ƙirjin kowace riga ga kifin Genésio yana harara. A gaba ma'aji ne, ya ɗaga kwalbar sama da hannu biyu. Muna zaune muna kallo.

Wata budurwa ta ɓalle daga cikin jerin ta nufo mu da takardu a hannu. Ba 'yar nan ba ce, fuskarta duk ta ƙone da rana, kuma ka gan ta ka san har zuciyarta take yi. Ta durƙusa a gaban kujerarsa da ladabi, ta nuna masa ƙirjin rigarta.

Ta ce, "Baba, ka ga abin da tashar nan ke yi wa kifayenku?"

Ya ce, "'Yata, linguado ne. Haka ake haihuwar su."

Ta dafa masa gwiwa. "Haka suke so ku ɗauka, Baba. Akwai wani dattijo a garin nan da ya gano gaskiya, ya yi shekara talatin yana faɗa, a ƙarshe suka toshe masa baki. Saboda shi muka zo."

Na buɗe baki zan wanke ta tas, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Kin san sunansa?"

Ta duba takardar hannunta, gaba da baya. Ta ce ba a rubuta ba.